Nutson da Ba a Koya wa Yara

Ni ba 'yar ruwa ba ce. A Yelwa aka haife ni, tsakiyar gari, gidan da sai an sayi kifi ake ci. Aure ne ya kawo ni Wara, gidan masunta, inda yaro ke iya iyo tun bai iya ɗaure wandonsa ba. Ina koyarwa a makarantar firamare, kuma kowa a gidan ya san ni da abu biyu: ba na shiga kwalekwale, bakina kuma ba ya ajiye magana. Mijina yakan ce da faɗa na kama kifi, da tuni ya sayar da tarunsa ya zauna gida.

Ɗiyata ta biyu da ciwon zuciya aka haife ta. Tun tana goye leɓenta kan yi shuɗi in ta yi kuka, da ta fara tafiya kuwa, taku kaɗan sai ta tsugunna ta haɗa gwiwa da ƙirji. An ce mayu, an ce iska, ta sha jiƙo ta sha rubutu, kafin wani likita ya ɗora abin saurarensa a ƙirjinta ya ce akwai huda tsakanin ɗakunan zuciyarta, kuma hanyar da ke kai jini huhu ta tsuke. Tana 'yar shekara huɗu aka yi mata aiki a Abuja, aka toshe hudar, aka buɗe hanyar. Aiki ya yi kyau, sai dai yarinya ta ƙi farkawa daga allurar barci. Yaran da aka shiga da su bayanta suka farka, suka sha shayi, har aka sallami wasu, tawa tana kwance da tiyo a baki. Ban san kwana nawa ta yi a haka ba, kuma ba na son a ƙirga mini. Ranar da ta buɗe ido na yi wa kaina alkawari, in dai ina numfashi babu mai sake sa mini ɗiya barci.

Ta girma da tabo tun daga gindin wuya har saman ciki. Leɓe ya yi ja, ta shiga makaranta, ta ɗauko surutun uwarta kaf. Ruwa ne kaɗai na hana ta. Yaran gida su tafi bakin gulbi su yi ta tsalle daga kan jirage, ita tana zaune wurin mata masu bandar kifi, tana tura itace cikin wuta tana hararata.

A shekararta ta goma ta soma gajiya. Ba tsugunnon da ba ne, amma in muka hau tudun makaranta sai ta tsaya ta riƙe ƙugu, ta ce wai takalminta ne ya cika da yashi. Ni za a yi wa wayo? Na kwashe ta muka koma wurin likitan. Ya shafa mata man nan mai sanyi a ƙirji, ya goga injinsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo gare ni.

"Malama, lokacin da aka buɗe mata hanyar huhu, murfin da ke bakin hanyar ya lalace, kuma dole ce ta sa. Yanzu duk bugun da zuciyar ta yi, jini ya tafi, sai wani ya komo baya. Ɗakin dama yana ta karɓar abin da ya riga ya tura, yana ta faɗi. Akwai iyakar da in ya wuce ta, ko an sa sabon murfi ba zai koma daidai ba. In kuma muka yi gaggawa muka sa tun lokaci bai yi ba, murfin ba ya girma tare da yaro, kuma yana tsufa. Mun ƙara mata yawan aiki ke nan a rayuwarta."

"To ku auna mana," na ce. "Ba ga injinku nan ba?"

Ya ce wannan injin ba ya ganin ɗakin dama sosai, don yana ɓoye bayan ƙashin ƙirji. Sai an sa ta cikin babban injin da ake kira MRI, mai aiki da maganaɗisu. Shi yana ɗaukar hoton zuciya yanki-yanki, kamar yankan kuɓewa, tana cikin bugawa, sai a jera yankunan a lissafa yawan jinin da ɗakin ke ɗauka da wanda ke komowa. Na tambaye shi wayoyin da aka ɗinke mata ƙashi da su fa, kada maganaɗisun ya fizgo su. Ya ce irin waɗannan ba ya jan su. Abin da ake bukata shi ne ta kwanta cikin rami mai ƙunci, ga ƙara, ba motsi, kuma duk lokacin da aka ce ta tsayar da numfashi ta tsayar, sau da yawa, na ɗan gajeren lokaci.

"Yaron da bai iya ba, barci ake sa shi," in ji shi.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Ya ce in zauna, ai shi ya sa yake gaya mini tun da wuri, don mu koya a gida. Ya nuna mini da ƙirjinsa: ta ja, ta saki, sannan ta tsaya. Ya maimaita cewa bayan sakin ake tsayawa, ba da cikakken ƙirji ba, domin in an saki iska ƙirji na komawa wuri guda kowane karo, zuciyar ma ta zauna wuri guda, yankunan hoton su hau juna daidai. Na ce na ji. Ni da nake koya wa 'yan aji biyu haɗa baƙi, wannan ne zai gagare ni?

Ya gagare ni kuwa. Na tura ta ƙarƙashin gadon ƙarfe don ta saba da ƙunci, na ba ƙanenta ludayi da daro ya yi ta bugawa don ta saba da ƙara. Na ce ja, ta ja. Na ce saki, ta saki. Na ce tsaya, sai dariya ta kuɓuce mata. Ranar da ba dariya kuma, da ta saki iskar sai idonta ya firfito, ta wawuri numfashi kamar an biyo ta. Na lallasa, na yi alkawarin alewa, daga baya na koma halina. "Ke wace irin yarinya ce? Numfashin ma sai an roƙe ki? So kike a sake kwantar mini da ke?" Ta fito daga ƙarƙashin gado da yanar gizo a kai tana kuka, ni ma na juya baya ina share nawa.

Duk wannan a kunnen surukina, mahaifin mijina. Tsoho ne dogo, busasshe, wanda a zamaninsa in taru ya maƙale a ƙasan ruwa ko injin jirgi ya faɗa, shi ake aikowa a kira. Yanzu zamansa gindin ɗorawar ƙofar gida, yana ɗinkin raga. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, a durƙushe, ido a ƙasa. In yana da magana da ni sai ya gaya wa ɗansa da ƙarfi yadda zan ji ta bayan zana, ni ma haka nake mayarwa. Ɗiyata kuwa amaryarsa ce ta wasa, kullum suna cikin tsiya, ita ta ce ba ta auren mai haƙori uku, shi ya ce ba ya auren wadda ba ta iya iyo ba.

"Hwaɗa wa malama," na ji ya ce wa mijina, "ba a koyon numfashi ƙarƙashin gado. Ta ba ni amaryata."

Na ce atafau. Mijina ya yi ta bina, ya ce iyakar ƙugu ruwan zai kai mata, ya ce tsohon nan ya koya wa rabin garin nan nutso. Na duba na ga lokaci na tafiya, ni kuma ban tsinana komai ba sai sa yarinya kuka. Na yarda, da sharaɗin ina tsaye a bakin ruwa.

Abin haushi, cikin 'yan kwanaki ta iya. Da safe kafin makaranta za su shiga wurin da ba zurfi, bayan jiragen da aka ɗaure, shi ya riƙe hannunta, ta dulmiya fuska. Tun tana ɗagowa nan take tana tari, har ta kai ina tsaye ina murza gefen zanena ina cewa a raina ɗago mana, ɗago. In ta ɗago sai ta yi ihu ta kira yaran gida su zo su gwada da ita. Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin wannan ba, kuma na ji kishi, ba zan ɓoye ba.

Amma ina da ido. Kafin ta dulmiya, tsohon kan ce, "Cika. Ƙara. Haɗiye." Sai ta ja iska har kafaɗunta su taɓa kunne, ta ƙara kurɓar wata da baki, ta kumbura kumatu, ta ƙanƙame. Wannan ba shi likita ya nuna mini ba. Na gaya wa mijina, ya je ya durƙusa ya isar.

"Hwaɗa mata," in ji tsohon, "tun ba a datse gulbin ga ba nika nutso. Ba a shiga ruwa da ƙirji wayam. Wanda duk yas saki iska, ruwa ya karɓe shi."

"Ai ba ruwa za ta shiga ba," na ce daga bayan zana, "inji ne!"

"Numfashi dai guda na."

Shi ke nan ya rufe maganar, ya ci gaba da ɗinkinsa. Na koma ɗaki ina ta sababi ni kaɗai, mijina ya ɗauki filafilinsa na tuƙa jirgi ya gudu bakin ruwa. Tun daga ranar aka raba yarinya biyu. Da safe ta cika ƙirji wurin kakanta, da yamma ta saki wurina a ƙarƙashin gado. Kuma ta ɗan soma iyawa nawa ɗin, don tsoron tsayar da numfashi ya ragu. Na ce mata, "Na kakanki na ruwa ne, nawa na asibiti ne, kada ki haɗa." Ta ce to, kamar yadda take ce masa to.

Aka ba mu rana, aka ɗaga, wai injin ya samu matsala. Aka sake ba mu wata. Tsakanin nan ban zauna ba. In ina rubutu a allo sai in tarar na daina numfashi, yara suna kallona. In waya ta yi ƙara gabana ya faɗi, in ba ta yi ba in yi ta dubawa ko caji ne ya ƙare. Na tashi in ɗora tukunya, in tsinci kaina a ƙofar gida ina leƙen hanya, ba kuma wanda nake jira. Kullum sai na sa yarinyar ta hau tudun makaranta a gabana ina kallon inda za ta tsaya, yau ya fi na jiya nisa ko bai kai ba. Wata malama abokiyar aikina, Bakambara ce Kirista, ta ce in ban yi hankali ba ni za a fara kwantarwa, ta ce tana sa mu cikin addu'a a cocinsu. Na ce ta ƙara da ƙarfi.

Ana jibi tafiya Abuja zazzaɓi ya kayar da mijina, ko tsayuwa ba ya iyawa. Ina cikin tunanin wanda zai raka mu, sai ga tsoho ranar tafiyar da asuba ya fito da babbar rigarsa ta Juma'a da buta a hannu. Bai tambayi kowa ba. Ya shige gaban mota, mu muna baya, yarinya ta zama 'yar aike. "Hwaɗa wa innarki ta ba ki ruwa." "Gaya wa kakanki ya ɗaga gilashi, iska na dukan ki." Har muka wuce Kwantagora a haka, fasinjoji na ta murmushi. Shi bai taɓa nisa da ruwa irin wannan ba, ya yi ta kallon duwatsu ta taga yana jan carbi.

Mai kula da injin wata mace ce mai sanyin murya, Hausarta ta koyo ce amma tana fita. Ta cire wa yarinya 'yan kunne, ta laluba kitsonta ko akwai fil, ta sa mata rigar asibiti, ta manna mata wayoyi a ƙirji, ta ɗora mata wani faranti a kai, ta saƙala mata abin ji a kunne. Ni aka bar ni a ɗakin da take zama, ina kallo ta gilashi, tsoho yana waje kan benci. Gado ya zame da ɗiyata cikin ramin har ba na ganin komai sai tafin ƙafarta. Sai ƙara ta tashi, ba ta da maraba da injin niƙa in dutse ya shiga.

"Ja numfashi," in ji matar ta makirfo. "Saki. Tsaya."

Akwai wani layi a gilashin kwamfutarta mai hawa da sauka tare da numfashin yarinyar. Da ta ce saki, maimakon ya sauka sai ya ƙara hawa, ya ƙara, ya tsaya can sama yana rawa. Matar ta ce wa yarinyar ta yi numfashi, layin bai motsa ba. Ta sake faɗa, sai da ta faɗa da ƙarfi sannan ya faɗo. Ta yi mata bayani a hankali, aka sake. Haka dai. Aka sake. Na dafa gilashin ina cewa saki, don Allah saki, kamar tana jina. Daga ƙarshe matar ta tsayar da injin, aka fito da ita sharkaf da gumi, tana cewa jiri take ji.

"Ɗiyarki ta fi manya da yawa iya riƙe numfashi," in ji matar. "Amma cusa iska take yi, sannan ta yi yunƙuri. Hakan na matse zuciyar, jini ba ya komo mata yadda ya saba, kuma kowane karo wurin da take zama daban. In na ba likita wannan, ɗakin zuciyar zai fito ƙarami fiye da yadda yake. Gara babu awo da awon ƙarya." Ta ce akwai mai jira, in an gama da shi za ta sake gwada mu sau ɗaya. In bai yiwu ba, sai a sa mana rana da likitan allurar barci.

Na durƙusa gaban yarinyar na ce, "Me na gaya miki? Na wa na ce ki yi?"

"Inna, na so in yi naki," ta ce. "Da na shiga sai na ji kamar ƙasan ruwa. Kaka ya ce wanda ya saki, ruwa ya karɓe shi."

Na fita. Tsohon yana zaune ya ɗora buta tsakanin ƙafafunsa. Ban durƙusa ba, ban sunkuyar da kai ba, ban nemi ɗan aike ba. Na tsaya a kansa, a gaban mutanen da ke jiran layi.

"Baba, ka ji daɗi? Na faɗa, na aika, na yi magana ta bayan zana har muryata ta dushe, ka ce numfashi guda ne. To ga shi nan! Ka cusa mata tsoro, yanzu barci za a sa ta. Kai kana gindin ɗorawa wancan karon, ni ce na zauna ina kallon tiyo a bakinta. In ba ta farka ba, da wane ƙirjin za ka nutsa ka ɗauko mini ita?"

Wata tsohuwa a gefe ta ce subhanallahi. Shekarun aurena kaf ban taɓa haɗa ido da mutumin nan ba. Na jira ya tashi ya tafi, ko ya ce zai gamu da ɗansa. Bai yi ko ɗaya ba. Magana ya yi, idonsa a kan butarsa, kuma da ni ya yi ta, ba da wani ba.

"Akwai shi," ya ce. "Wanga da likita ka so. Akwai shi."

Ya ce itatuwan da ruwa ya haɗiye lokacin da aka datse gulbi suna nan tsaye a ƙasa, su ke kama taru. Mai cikakken ƙirji ba ya iya zama wurinsu, ruwa turo shi sama yake. In kana son ka kwance taru sai ka saki iska, ka sauka, ka zauna a ƙasa ka yi aikinka, da igiya a ƙugu, wani yana cikin jirgi yana riƙe da ita. Ba a koya wa yara wannan, ko samari sai wanda aka ga hankalinsa. Shi mutum ɗaya ya taɓa koya wa, babban ɗansa, yayan mijina, wanda ni iyakar abin da na sani a kansa shi ne ruwa ya ci shi kafin a kawo ni gidan.

"Ni ad da igiya," ya ce. "Na ji ya daɗe, na ja. Ta taho ba nauyi."

Tun daga ranar bai sake faɗa wa kowa ya saki iska ba. Mijina ma bai koya masa ba, in tarunsa ya maƙale yanke shi yake yi ya bar wa ruwa, ni kuma ina yi masa faɗan ɓarna.

Tausayi ya kama ni, amma haushin bai sake ni ba, kuma babu lokacin zaɓar ɗaya. Na durƙusa na ce, "Baba, Allah ya jiƙansa. Amma wannan maganarka take ji, ba tawa ba."

Ya ajiye butar ya ce in kira ta.

A nan cikin baranda ya tsugunna, rigarsa na jan ƙasa, ya kama hannunta ya ɗora a ƙirjinsa. "Amarya, na ɓoye miki wani nutso, na manya. Yau za ki koye shi." Ya ja iska kaɗan, ya sake ta a hankali, hannunta ya bi ƙirjinsa ya sauka. "Ba duka za ki matse ba. Ki saki kamar mai sauke kaya, abin da ya rage ya rage. Kada ki ƙanƙame. Ki kwanta ƙasa ki yi lamo, akwai mai riƙe da ke." Ta ce in ruwa ya karɓe ta fa? Ya ce wanda aka riƙe da hannu ba ya tafiya, igiya ce ke kwancewa. Suka yi ta yi tare, mutanen benci suna kallo, har tsohuwar nan na ga ƙirjinta na sauka tare da nasu.

Da lokacinmu ya yi na roƙi matar ta bar shi ya shiga ya riƙe ƙafar yarinyar. Ta ce ana bari, in babu ƙarfe a jikin mutum. Ya cire zobe, ya kwance kambun damtsensa, ya fito da 'yar wuƙar ɗinkin raga daga aljihu. Ta tambaye shi ko akwai wani ƙarfe a cikin jiki. Ya shimfiɗa tafin hannunsa ya nuna mata wani kulluɓutu a gindin babban yatsa, bakin ƙugiya ne da ya karye a ciki tun yana saurayi, nama ya rufe shi. Ta girgiza kai ta ce ko ƙofar ba zai ƙetare ba. Tsoho ya tsaya da kambu a hannu ya rasa inda zai sa kansa. Sai matar ta jawo kujera kusa da tata, ta tura masa makirfon, ta ce za ta ɗaga yatsa, shi ya faɗa. Ni kuma na zare 'yan kunnena da fil ɗin mayafina na shiga.

Ɗakin sanyi ƙalau. Na kama idon sawunta da hannu biyu. An toshe mini kunne, duk da haka ƙarar na shiga har haƙorina, kuma in ta lafa ina jin muryarsa sama-sama.

"Amarya, ja. To... saki."

Karon farko kalmar ta maƙale masa, sai da ya yi gyaran murya. Na ji yatsun ƙafarta sun dunƙule, sannan suka buɗe a hankali, ƙafar ta yi nauyi a hannuna. Injin ya yi ta bugawa. Ya ce, "Taho," ta ja numfashi. Aka sake. Ban san sau nawa ba, bayana ya ƙage, hannuna ya mutu, hancina na ƙaiƙayi ban isa in sosa ba. Duk sakin da ya ce, da ni ake saki, duk tahowar da ya ce, da ni ake tahowa. Can wajen ƙarshe muryarsa ta daidaita, har na ji yana tsokanar ta wai ta fi shi iyawa, zai ƙara sadaki. Da gadon ya zamo waje ta ɗaga kai ta ce, "An gama? Har na soma jin daɗi."

Bayan kwana biyu muka ga likita. Ya bar yarinya da kakanta a waje, ya juyo mini da kwamfutarsa. Ga zuciyar ɗiyata tana buɗewa tana rufewa, fes, ba dishi-dishi ko kaɗan. Ya ce ya daɗe bai ga hoton yaro mai kyan wannan ba, ya ce a yaba mata. Ya nuna mini ɗakin hagu, sannan na dama, wanda ko ni da ban san komai ba na ga ya fi ɗan'uwansa girma nesa. Ya nuna jinin da ke tafiya da wanda ke komowa. Ya ce awon ya kai bakin iyakar da ya gaya mini, ba a wuce ba tukuna, amma ba sauran jira. Za a sa mata sabon murfi kafin shekara ta juyo.

Na ce, "Aiki ke nan."

Ya ce aiki ne.

"Da allurar barci."

Ya ce babu wata hanya, ya soma yi mini bayanin yadda yanzu ta girma, kuma za su duba abin da ya faru wancan karon su kiyaye. Ina jinsa, ina gyaɗa kai. Wata da watanni ina faɗa da yarinya, da miji, da tsoho, don kada a sa ta barci na awa ɗaya, ga shi mun samo awo mai kyau, awon ya ce a sa ta na yini guda. Na yi masa godiya, don ya cancanta, na fito.

Suna zaune kan benci suna cin gyaɗa. Ta taso da gudu, ta tsaya a rabin hanya ta riƙe ƙugu, sannan ta ƙaraso.

"Inna, na ci?"

"Kin ci. Likita ya ce kin fi kowa."

"To ba za a sa ni barci ba ke nan."

Na zauna na jawo ta jikina na gaya mata gaskiya, don ban iya wani abu ba. Na ce hoton ya nuna murfin zuciyarta na son canji, za a yi mata aiki, kuma za a sa ta barci. Ta murza ɓawon gyaɗa. Ta dubi kakanta, ta dube ni.

"Amma za ki riƙe ƙafata, Kaka ya ce in taho?"

Na san ba a barin kowa ya shiga ɗakin tiyata. Shi ma ya sani, don mijina ya ba shi labarin ƙofar da aka tsayar da mu wancan karon. Na buɗe baki, ya riga ni.

"Ƙwarai," ya ce. "Ita ta riƙe, ni in kira."

Yanzu muna Wara muna jiran a sa mana rana. Har yau ban gyara masa maganar ba.